Zabuwar da Na Hana Aro

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai wani cikinku ya leƙo shagon nan, ya tsaya yana kallon injin yanka sitika, sannan ya ce da Turancinku mai sauri wai wannan ai a waya ma sai ya yi shi kafin shayi ya huce. Ba na jin haushi. Ni ma lokacin da nake Funtuwa ina rubuta sunayen shaguna da buroshi da fentin gwangwani, gani nake duk wanda ya iya zana harafi ya gama sana'a. To ku ja kujera ku zauna. Waccan ta bakin ƙofa ƙafarta ɗaya ba lafiya, mai jiki kada ya hau.

Aikin farko da aka ba ni a nan Greensboro ta Amurka wankin rariya ne. Maigidana Mista Otis ne, wani dattijo baƙar fata mai shago a bayan titin Elm, wanda tun zamanin da masaƙun garin nan ke aiki yake buga tambura a riguna da huluna. Na je masa da hotunan allunan da na rubuta a gida, ina taƙama. Ya duba, ya ce hannuna yana da kyau, sannan ya miƙo mini buroshin wanki da bokiti. Abin da nake kira rariya firam ne da aka ɗaure wa ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, kamar na tankaɗen gari. Za ka shafa masa wani magani da haske ke busarwa, ka ɗora zanenka a kai, ka haska fitila, ka wanke. Inda zanen ya rufe sai ya buɗe, ta nan tawada za ta bi ta sauka a kan riga ko takarda. Kowace kala da rariyarta. In ka bar ɗigon tsohuwar tawada a ƙofa ɗaya, duk abin da ka buga ranar sai ya fito da tabo a wuri guda. Na yi watanni hannuna na warin magani kafin ya bar ni na riƙe robar jan tawada, kuma ranar da na riƙe ta na ɓata rigunan wata coci har sai da ya cire hula ya dafe kai.

Abu na biyu da ya koya mini ba na hannu ba ne. Wata rana wani saurayi ya shigo da kwalin huluna, yana so a buga masa tambarin wani babban kamfanin takalma. Kuɗi a hannu, aiki mai sauƙi, kala ɗaya. Mista Otis ya raka shi har ƙofa da fara'a, bai karɓa ba. Na ce masa a garinmu mai aski ma sai ya sa a zana masa tambarin kamfanin lemo a bango, ba wanda zai tambaye shi, mu a wurinmu ma girmamawa ce. Ya ce, "Hamisu, injin nawa ne, amma ba duk abin da ya iya fitarwa ne nawa ba." Na gyaɗa kai don ladabi. A raina na ce tsufa ne ke damun mutumin nan.

A farkon shekarun dubu biyu na buɗe nawa shagon a gefen unguwar Glenwood, ɗaki ɗaya da bayan gida. 'Yan jami'a na kawo riguna, masu tasi na kawo lambobi, masu shagon naman halal na kawo allo. A nan Hajiya Hadiza ta same ni. Mutuniyar wajen Maraɗi ce, mijinta Alhaji Issufu yana tuƙa tasi, ita kuma tana haɗa yajin ƙuli. Ta shigo da kwalba a jaka, an liƙa mata farar takarda da salatif.

"Malam Hamisu, etiket nake so," in ji ta. Haka mutanen Nijar ke ce wa lebul.

"Me za a sa a kai, Hajiya?"

"Zabuwa. Innata zabi take kiwo, da kuɗin ƙwansu aka sayi turmin da na koyi daka a ciki."

Na zauna na zana, na kai mata. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ai kaza ce ta ɗaura atamfa." Da gaskiyarta. Na daɗe ban ga zabuwa da idona ba. Sai da na koma na tuno ta sosai: bayan nan mai doro, ɗan ƙaramin kai mai tsini, jan naman da ke reto a gefen baki, da tsayuwarta ta mai shirin gudu. Ɗige-ɗigen jikinta kuwa da bakin alƙalami na yi su ɗaya bayan ɗaya, domin na kwamfuta suna fitowa a jere kamar an auna, zabuwar Allah kuma ba haka take ba. Wajen bugawa kala uku ce, ruwan toka da ja da baƙi, fararen ɗigon kuwa takardar ce da kanta ake bari. In tawada ta yi ruwa sai ta malala ta cinye su, ka tashi da tsuntsuwa mai launin siminti. Ranar da na kai mata na ƙarshe ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wala, ita ce," ta sa gefen mayafi ta share ido.

Yajin ya karɓu. Ta kama hayar kicin irin wanda hukuma ta yarda da shi, shagunan 'yan Afirka suka ɗauka, har wani shagon abinci na Turawa kusa da jami'a ya ba ta kanta guda. Masu saye da ba su iya faɗin sunan ba sai su ce a ba su mai tsuntsuwar nan. Ita kanta sunanta ya koma Hajiya Mai Zabuwa.

Sai Allah ya yi wa Alhaji Issufu rasuwa, ya bar ta da 'yan mata biyu a makaranta. Ku da aka haifa a nan ba ku san nauyin takaba a ƙasar da ba dangi ba. Mace za ta zauna a gida watanni, haya ba ta jira, masu shago ba su san wani abu wai shi takaba ba. Matan garin nan ne suka tashi. Wata ta soya ƙuli, wata ta cika kwalabe, wata ta shiga bas da kwali a cinya ta kai shaguna. Jagorarsu Anti Balki ce, mai kitso, mace mai faɗa da zuciyar kirki, wadda ta rufe shagonta ranaku da dama don kada odar Hajiya ta faɗi. Har aka fita takaba kantar nan ba ta taɓa zama babu yaji ba.

Bayan nan ne Anti Balki ta fara haɗa man kitso, ta ce wa Hajiya ko za ta ara mata zabuwa ta sa a kwalba, tunda mutane sun san ta. Hajiya ta ce, "Haba Balki, har sai kin tambaya?" Daga man kitso sai mai sabulu ta zo, sai mai turaren wuta, sai mai garin kunu. Kowacce za ta shigo shagona ta ce, "Hajiya ta ce a buga mini zabuwa." Mai abu ta yarda, sai in ɗauko rariya in buga. Can daga baya Anti Balki ta ƙara da wani man shafawa na sa fata haske, shi ma da zabuwa a goshinsa.

Ana haka mummunar shekara ta shigo, wadda bankuna suka girgiza, mutane suka rasa gidaje. Mai buga allo shi ke fara jin karayar kasuwa, domin wanda zai rufe shago ba ya sabunta suna. Mista Otis ya sayar da injinansa ya koma wajen 'yarsa. A titin Elm sai ka ga allon da ka rubuta da hannunka an juya shi yana kallon bango. Ni kuwa lebul ɗin matan nan ne ke biya mini wuta da haya. Kada ku manta da wannan, domin shi ne ya sa abin da ya biyo baya ya yi nauyi.

Wata safiya Hajiya ta shigo ba kwalba ba oda. Ta zauna, muka gaisa. Da ƙyar ta faɗi abin da ya kawo ta. Manajan shagon Turawan nan ya shiga wani shagon 'yan Afirka, ya ga zabuwa a jikin man bilicin. Masu sayensa ma sun fara tambaya ko kamfanin da ke yin abincin shi ke yin man canja fata. Ya ce mata yana son yajinta, amma in tsuntsuwar ta ci gaba da zama a kan wancan man, oda mai zuwa ita ce ta ƙarshe. Shagon nan kuwa shi ne ƙashin bayan cinikinta.

Na ce, "To ki ce su daina mana, Hajiya."

Ta kalle ni kamar na yi saɓo. "Da wane bakin? Balkin da ta wanke mini kwanuka ina zaune ina kuka? In ce mata me, in ce tsuntsuwata ta fi ƙarfinta? Gara in koma liƙa salatif."

Na san ba wasa take ba. Irin matan nan ne da za su ba ka zanen jikinsu su ce dama ya yi musu yawa. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

A satin ne na sami aikin ƙofar gilashi a cikin gari, ofishin wata lauya kusa da kotuna. Aikin gilashi yana son natsuwa. Za ka wanke shi tas, ka fesa ruwan sabulu kaɗan don haruffan su iya motsi, ka auna da ma'aunin ruwa, sannan ka bi da roba daga tsakiya zuwa gefe kana korar iska. Ƙwayar ƙura ɗaya sai ta zama ƙurji a ƙarƙashin harafi, kuma mai ofis kullum ita zai fara gani. Lauyar, wata dattijuwa mai gida a unguwar Irving Park, ta tsaya da kofin kofi tana kallo. Da na ga a cikin abin da nake liƙawa har da harkar tambura, sai na ba ta labarin ba tare da na kama suna ba.

Ta ce abin da ya sami tsuntsuwar yana da suna a doka. Ta faɗi kalmar Turancin, ma'anarta dai sirkawa, kamar a yi ta ƙara wa kunu ruwa har ya tsinke. Ta ce iri biyu ne. Na ɗaya, suna ya shahara a kan abu guda, sai a yi ta ɗora shi a kan katifa da man goge baki da tayar keke, ko da ba wanda ya ruɗe, har ya zama in an ambace shi ba abin da ke faɗo wa mutum a rai. Na biyu, a ɗora shi a kan abin da mutane ke ƙyama, ƙyamar ta bi sunan ta koma gida. Na ce duka biyun sun same mu. Na fara murna, na ɗauka an sami magani.

Sai ta girgiza kai. Ta ce wannan dokar ta manya ce, sunayen da duk ƙasar ta sani tun daga wannan teku zuwa wancan. Mai yaji a gari ɗaya ba ta kai ba. Ƙaramin ɗan kasuwa abin da doka ke duba masa shi ne ko masu saye na ruɗewa, kuma ko a nan ɗin matar ta raunana kanta, tunda da bakinta ta bayar, ba ta kuma bin sawun abin da ake zubawa a kwalaben. Wanda ke ba da aron tambari haka sakaka, in ji ta, wata rana sai a ce masa ya yar da shi.

Na ci gaba da korar iska raina a jagule. Can sai ta ce, "Wa ya zana tsuntsuwar?"

Na ce ni ne.

"Ma'aikacinta ne kai a lokacin? Ka taɓa sa hannu a takarda cewa ka mallaka mata zanen?"

Na ce a'a, aikin lebul ta ba ni, na yi, ta biya.

Ta ce to wannan wata doka ce daban, ta haƙƙin mai zane. Ita ba ruwanta da suna ya tsinke ko ya yi kauri, ba ta kuma tambayar ko ka shahara. Tambayarta ɗaya ce, wa ke da ikon a kwafi wannan zanen. A yadda na ba ta labari, matar na da izinin sa shi a yajinta, amma zanen nawa ne. Ta ƙara da cewa wannan hira ce a bakin ƙofa, in abin zai kai kotu sai an zauna an duba da kyau. Na ce mata ba za a je kotu ba, mu mutanen ba ma kai juna.

A bas ɗin komawa na yi ta juya maganar. Hajiya ba za ta iya cewa a'a ba. Ni kuwa ba wanda ya wanke mini kwanuka. Ban shawarce ta ba, domin na san in na tambaya za ta hana.

Bayan kwana biyu Anti Balki ta shigo da fara'arta, tana so a ƙara mata lebul na man kitso da na man shafawa.

Na ce, "Anti, na daina buga zabuwa sai a kan yaji."

Ta yi dariya. "Kai Malam Hamisu, ka cika wasa. Hajiya ce fa ta ba ni."

"Hajiya yaji gare ta. Zabuwa tawa ce, ni na zana ta, kuma na tambayi lauya. Ba na aronta."

Dariyar ta ɗauke. "Lauya? A kanmu ka je wajen lauya? Mu da muke kawo maka aiki lokacin da ko kare ba ya leƙo shagon nan?"

"Na sani, kuma na gode. Ki zaɓi duk abin da kike so in zana miki naki, ba sai kin biya ba."

"Riƙe abinka. Ai ba kai kaɗai ke da inji a Greensboro ba."

Na ce duk wanda ya buga mata ita zai ji daga lauyata. Wallahi ko kuɗin tambayar lauya ba ni da shi a lokacin. Ta tattara kwalabenta, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Amurka ta shiga jininka," ta fita.

Kafin Juma'a labari ya gama gari. Malam Hamisu ya zama Bature, ya ƙwace wa gwauruwa tsuntsuwarta. Matan suka ɗauke ƙafa, mazansu masu tasi ma wasu suka bi. Lokacin sanyin nan na sayar da injina na biyu, ina kuma zuwa ɗaukar kaya a wani sito ranakun Asabar da Lahadi, da wannan bayan nawa da kuke jin yana ƙara in na miƙe. A masallaci wasu sai su ba ni hannu suna kallon wani wajen. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Amma ga abin da ya faru a ɗaya gefen. Matan suka tafi gidan Hajiya kai ƙara, ta ce musu ita ma ashe aro take, ba ta da ta cewa. Sai suka koma ba ta haƙuri. Anti Balki da kanta ta riƙa rarrashinta, tana cewa Allah zai saka mata. Zumuncinsu ko ƙwarzane bai yi ba. Tsofaffin lebul suka ƙare a kasuwa, zabuwa ta sauka daga kan mai da sabulu, manajan nan ya ci gaba da oda. A hankali mai turaren wuta ta dawo, na zana mata kasko da hayaƙi. Mai garin kunu ta karɓi ludayi. Anti Balki ta samo fure a wani wajen, kuma har yau in mun haɗu a taron suna gaisuwarta gajera ce.

Da kasuwa ta ɗan farfaɗo sai na koma wajen lauyar nan, na biya ta rubuta takardar da zan mallaka wa Hajiya zanen gaba ɗaya. Dama can ban taɓa jin nawa ba ne, innarta ce ta yi kiwon zabin. Na kai mata gida da la'asar. Babbar 'yarta ta karanta, tana fassara mata da Hausarta mai ɗingishi. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta sa yatsa ta turo mini takardar a kan tebur.

"Ka riƙe ta, Malam."

"Hajiya, taki ce fa."

"Na san tawa ce. Tun ranar da Balki ta zo nan tana zaginka na gane abin da ka yi. Amma na san halina. In ta dawo hannuna, gobe wata ta zauna a kujerar da kake zaune ta yi mini kuka, sai in bayar. A wajenka ta fi tsira."

Na ce, "Mutane fa na ta cin namana."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Na ji. Ni ma nakan taya su kaɗan-kaɗan, don kada su gane. Duk lokacin da na yi sai na kasa cin abinci. Ka yafe mini don Allah."

Na ninke takardar na sa a aljihu. Yarinyar na ta kallonmu ba ta san ko dariya za ta yi ba.

Na ce, "Na yafe, Hajiya. Amma kada ki rage zagin. In kin rage za su gane."